Funfuna Ta Kashe Mini Kyanwa: Jan Kunne Ga Masu Mangazar Dusa

Wani zai ce me ya haɗa kyanwa da jaridar 'yan kasuwar shanu? To, duk mai mangazar dusa ko harawa ya san amsa. In babu kyanwa, kusu ne mai mangaza, kai kuwa ɗan haya ne.

Ina da wata kyanwa da ta yi shekara 6 tana tsaron buhunana. A wata damina, cikin watan Agusta, yaron da ke kula da wurin ya tarar da burodi da ya kwana uku cikin leda, ya yi kore-kore. Yaro bai ga abin zubarwa ba, ya jiƙa shi da nono ya ajiye mata. Ita kyanwa dabba ce mai tsantsami, da burodin ne kaɗai da wuya ta kusance shi, amma nono ya rufe warin. Kafin la'asar ta fara amai, yawu na dalala, jiki na karkarwa kamar mai masassara, in ta miƙe sai ta faɗi. Kafin mu samo likitan dabbobi ta shiga farfaɗiya, da dare ta mutu. Ban ga laifin yaro ba, don ni ma a lokacin ban san komai a kai ba.

Abin da likita ya fahimtar da ni shi ne, funfuna (wasu su ce hunhuna) abu ne mai rai, kuma wasu ire-irenta suna zuba dafi cikin abincin da suka kama. Dafin da ya shafe mu iri biyu ne. Na farko shi ne mai taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa, wanda ake samu a ruɓaɓɓen burodi, da kwanannen abinci, da kayan nono da suka lalace. Wannan ba ya jira, cikin 'yan awoyi dabba ta fara rawar jiki. Shi ya ɗauke tawa.

Na biyun shi ya fi ba ni tsoro, don shi ɓarawo ne mai sanɗa. Masana na kiransa afalatoksin. Gidansa gyada, da tunkuza, da ƙuli-ƙuli, da masara, da angurya, wato dai kayan da muke tarawa a mangaza. Hanta yake ci. Dabba za ta daina cin abinci, ta yi laushi, ta rame, idonta da dasashinta su yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara, wani lokaci har da jini cikin kashi. Kafin ka gane, hanta ta riga ta lalace. An gano shi ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, aka bi diddigi aka tarar garin gyadar da aka kawo daga Barazil ne. A Amurka, daga ƙarshen 2020 zuwa 2021, an janye abincin karnuka da na kyanwoyi na wani kamfani daga kasuwa saboda wannan dafi da ya kashe karnuka fiye da 100, abinci ne kuwa na buhu mai tambari. Mutum ma bai tsira ba: a Kenya a 2004 mutane 125 suka rasu sanadin masara mai wannan dafi.

Ga inda yawancinmu muke kuskure. Muna cewa a kankare wurin da ya yi kore, ko a shanya a rana, ko a ɗumama. Wuta irin ta girki ba ta kashe afalatoksin. Saiwar funfuna kuma tana ratsa cikin abinci fiye da inda ido ke gani, har ma kaya kan iya ɗauke da dafin alhali ba ka ga kore ba. Sai kuma maganar nauyi. Kyanwa kilo 3 ce zuwa 4, bajimi kuwa ya haura 300. Abin da sa zai ci ya wuce da shi, loma kaɗan ce ta ishe ta.

Kada kuma a ce ai shanu sun tsira. Gaskiya ne babban sa ya fi kyanwa da kaji juriya, amma maraƙi ba shi da wannan ƙarfi. Ragon turka da ake ba dusa mai dafi zai yi ta ci ba ya ƙiba, kai kana zargin tsutsar ciki kana ɓarnar jikkuna wajen sayen magani. Saniyar tatsa kuwa wani kaso na dafin yana fita ta nononta, nonon da 'ya'yanmu ke sha da fura. Ni na sha ganin wanda ya sayi dusa mai dunƙule-dunƙule don an rage masa farashi, yana murna ya yi riba. Wallahi ba riba ba ce.

Idan kyanwa ta ci abin da ya yi funfuna, a hanzarta da ita wurin likitan dabbobi, a riƙa masa ragowar abincin ya gani. Babu wata allura da ke karya wannan dafi kai tsaye, sai dai likita ya tsayar da karkarwa, ya ƙara ruwa, ya taimaki hanta, shi ya sa sauri ke da amfani. Kada a ɗura mata ruwan gishiri, kada a ɗura manja ko nono alhali tana karkarwa, zai iya bi ta huhu. Don Allah kuma kada a ba ta farasitamol. Ko ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Mun karanta tun muna Islamiyya labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wadda muka kulle a mangaza tana yi mana aiki, cinta yana wuyanmu. Ni yanzu abin da aka ci a gida ranar nan shi ake ɗibar mata, a wanke kwanonta, abin da ta rage ba ya kwana. Buhuna kuwa na ɗora su kan katako, na janye su daga bango, tsohon kaya shi ake fara fitarwa. Duk buhun da na buɗe na ji warin gumi ko na ga ya dunƙule, rami nake sa a haƙa mai zurfi a binne shi, don in aka watsar a juji kaji da awakin maƙwabta ne za su cinye.