Kiɗa ne alƙalin wahalar rawa a Sikotland

Duk wanda aka ba aikin tsara jerin raye-rayen daren biki a Sikotland ya san ciwon kai biyu ne ke jiransa: wace rawa jama'ar da za su zo za su iya, kuma wane kiɗa zai ɗauke su har ƙarshe. Ƙungiyar RSCDS, wadda Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa a Gilasgo a 1923, ta yi ƙoƙarin daidaita taku da tsarin waɗannan raye-raye a littattafanta, amma har yau malamai na gardama kan abin da ke sa rawa ta yi wuya.

A mafi yawansu, maza huɗu da mata huɗu ne ke jeruwa layi biyu suna fuskantar juna. Zagaye ɗaya gaɓar kiɗa 32 ne, a maimaita sau takwas, kowane namiji da abokiyar rawarsa su jagoranci rawar sau biyu. Kiɗan kuwa a yanke yake takwas-takwas, kuma kowane salon motsi an auna shi ya cika daidai da yankinsa.

Mai kallo daga nesa yakan ƙirga yawan salo ya ce wannan ce mai wuya. Ban yarda da wannan ma'auni ba. Inda ake tuntuɓe shi ne mahaɗa, wato ƙiftawar idon da mutum ya gama salo ɗaya, dole ya san ina zai fuskanta da wanda zai miƙa wa hannu, ba tare da tsayawa tunani ba. Dubi Mairi's Wedding, wadda James Cosh ya tsara a 1959. Gaɓa 40 gare ta, kuma salonta ba shi da yawa, amma masu jagoranci sai sun yi ta ratsawa kusurwa zuwa kusurwa sau huɗu a jere. Mutum ɗaya ya kauce, sauran su watse. Reel of the 51st Division kuwa, wadda sojojin Sikotland suka ƙirƙira suna tsare a Laufen ta ƙasar Jamus a 1940, sunanta ya fi ta nauyi. Sabon shiga ma yana iya ta.

Sai wata wahalar da takarda ba ta nunawa. Raye-rayen nau'in reel da jig masu sauri ne, su ke ba baƙo tsoro. Amma strathspey, mai tafiya a hankali, ita ce ke tona asirin wanda bai ƙware ba, domin dole a lanƙwasa gwiwa, a miƙa ƙafa, a riƙe jiki ba rangaji. Sauri yana rufa wa mai kuskure asiri.

A nan makaɗa ke shigowa. Al'ada ita ce kowace rawa tana da kiɗanta na asali, wanda ake buɗewa da shi a kuma rufe da shi, a cike tsakiya da wasu masu kama da shi. Shugaban makaɗa, ko mai goge ne ko mai akodiyan, yana da rumbu babba, tun daga kiɗan Niel Gow da ya rasu a 1807 har zuwa na James Scott Skinner da ya rasu a 1927. Daɗin kunne kaɗai bai isa ba. Kiɗan da farkon kowace gaɓa takwas ke fita sarai yana gaya wa mai rawa lokacin sauya salo ya yi. Wanda aka cika wa ado har iyakokinsa suka ɓace yakan rikita ƙwararru a rawar da yara ke yi a makaranta.

Don haka jadawalin da ke raba raye-raye zuwa masu sauƙi da masu wuya rabin magana ne. Mai tsara biki ya fara zama da shugaban makaɗa kafin ya aika jerinsa wurin bugawa.