Madubin Hangen Taurari: Ina Matsayin Chadi?

Duk wanda ya yi hunturu a N'Djamena ya san yadda hazo ke rufe mana sama. Daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasarmu wannan ƙura take tasowa, kuma masana na lissafa shi cikin wuraren da suka fi tada ƙura a duniya. In ta sauka, kaza da 'ya'yanta ma da ƙyar ake ganinsu, balle jinjirin wata. Irin wannan sama ce masu gina manyan na'urorin hangen taurari ke gudu.

Aikin na'urar shi ne tara haske. Kamar mai tarbar ruwan sama ne, gwargwadon faɗin bahonka gwargwadon ruwan da za ka samu. Shi ya sa ake ta faɗaɗa madubin. Sai dai gilashi guda in ya cika girma, nauyinsa kan lanƙwasa shi, hoto ya lalace. Dabarar injiniyoyi ita ce su ƙera ƙananan madubai masu kusurwa shida, su jera su gefe da gefe, kwamfuta na daidaita kowanne har su yi aiki tamkar guda.

Haka aka gina na'urar SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu, wadda aka buɗe a 2005: madubai 91, faɗinsu a haɗe kusan mita 11. Ƙasashen Turai kuwa suna gina wadda ta ninka ta fiye da sau uku a kan dutsen Armazones, cikin hamadar Atakama ta Chile, mai faɗin mita 39 da madubai 798. Tun 2014 suka fasa kan dutsen don shimfiɗa harsashi. A cikin na'urar za a sa wani siririn madubi mai sauya siffa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, don gyara rawar da iska ke sa hasken tauraro ya yi.

Tsawon Armazones kimanin mita 3,000 ne. Emi Kusi namu na Tibesti ya haura mita 3,400. Amma tsawo kaɗai bai isa ba. Kafin a zaɓi wuri, shekaru ake yi ana auna ƙura da gajimare da natsuwar iska, sannan a duba hanya da wutar lantarki da tsaro, uwa uba ƙwararrun da za su riƙe aikin.

A nan ne Ghana ta burge ni. A 2017 ta ƙaddamar da na'urar sauraren sararin sama a Kuntunse, daga wata tsohuwar tasar sadarwa mai faɗin mita 32, kuma matasanta sun koyi sana'ar a wurin gyaran.

Kirana ga hukumomin ilimi da Jami'ar N'Djamena shi ne a sayi ƙananan na'urori, a koyar da ilimin taurari, a fara auna samanmu. Masu duban wata za su amfana tun yanzu, kuma daga cikin ɗaliban nan ne masananmu na gobe za su fito.