Koya wa Yaro Tsarki da Kansa: Aikin da Ba Ya Son Gaggawa

A gidaje da yawa, ranar da yaro ya daina ɓata wando uwa kan ce ta huta da wankin nafkin da sayen famfas. Sai dai rabin aikin ke nan aka yi. Yaron da ya iya zuwa ban ɗaki da ƙafarsa amma bai iya tsarki ba, ko ya iya tsarki amma bai saba wanke hannu da sabulu ba, har yanzu yana iya kwaso cuta daga masai ya kawo ta cikin kwanon da yake ci da 'yan'uwansa. Gudawa, kwalara, taifot, tsutsar ciki da shan inna duk hanya ɗaya suke bi: daga kashi zuwa baki, ta hannu ko ƙuda ko ruwa ko abinci.

Mutane da dama sun ɗauka kashin ƙaramin yaro ba shi da illa, shi ya sa akan bar shi ya tsuguna a tsakar gida, ko a juye fo a kwata. Wannan kuskure ne. Yara sun fi manya yawan gudawa da tsutsar ciki, kuma inda suka yi kashin nan ƙannensu suke rarrafe suna kai hannu baki. Kashin yaro masai ake zuba shi, a wanke fo da sabulu, wanda ya wanke shi ma ya wanke hannunsa.

Yaushe ya kamata a fara? Iyayenmu mata sun daɗe suna ɗora jariri a kan ƙafafunsu idan ya tashi barci ko ya gama shan nono, har jikinsa ya saba da lokaci. Dabara ce mai kyau, amma a wannan matakin uwa ce ke lura, ba yaron ne ke riƙe kansa ba. Yawancin yara sai tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa shekara uku suke iya riƙe fitsari da kashi su kuma faɗa. Alamomin shiri ba ɓoyayyu ba ne: yaro ya yi kamar awa biyu bai jiƙa wando ba, ya fara laɓewa a bayan ƙofa idan zai yi kashi, ya nuna ƙyamar wandon da ya ɓaci, ya iya tuɓe shi da kansa. Ba a auna shi da ɗan maƙwabta. Kuma idan gidan yana cikin wani sauyi, kamar yaye ko sabuwar haihuwa ko rashin lafiya, gara a ɗan jinkirta.

Idan an fara, a ajiye fo a wuri guda, a zaunar da yaro bayan ya tashi da safe da kuma bayan cin abinci, domin lokacin ne hanji ya fi motsi. 'Yan mintoci sun isa. Ya yi, a yaba masa. Bai yi ba, a ɗaga shi ba faɗa. A sa masa wando mai roba wanda zai iya ja da kansa, ba mai mazagi ko maɓalli ba.

Tsarki shi ne inda haƙuri ya fi yawa. Yaro ɗan shekara uku zai iya kiran "Mama, na gama!" amma hannunsa bai kai ya wanke kansa tas ba, buta kuma ta yi masa nauyi. Don haka a bi abin hawa-hawa. Da farko uwa ce ke wankewa, tana faɗa masa abin da take yi. Daga nan ita ta riƙa zuba ruwa shi yana wankewa da hagu. Sannan a saya masa ƙaramar buta, ya riƙe da dama ya wanke da hagu, babba yana tsaye yana dubawa. Yara da yawa sai sun kai shekara huɗu ko biyar, wasu ma fiye, kafin a sakar musu aikin gaba ɗaya. 'Ya mace tana da ƙarin darasi: ta wanke gaba tukuna sannan baya, kada hannun da ya taɓa baya ya dawo gaba, domin ƙwayoyin cutar hanji ne suka fi jawo ciwon mafitsara. A riƙa yanke wa yara farce, saboda ƙarƙashinsa ƙazanta da ƙwan tsutsa ke maƙalewa.

Tsarki da ruwa yana tsabtace jiki ƙwarai, amma yana barin hannu da abin da ido ba ya gani. Ɗauraye hannu da sauran ruwan buta bai wadatar ba. Sai an sa sabulu an cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu na kamar daƙiƙa 20, hannu biyu duka, ba hagu kaɗai ba, tunda dama ta riƙe buta ta taɓa ƙofa. Inda sabulu ya yanke, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. Kuma sabulun ya zauna a bakin ban ɗaki, daidai tsayin yaro. Sabulun da ke ɓoye a ɗakin uwa ba zai wanke hannun kowa ba.

Sau da yawa abin da ake kira taurin kai tsoro ne. Masai mai faɗin baki da duhu da kyankyasai abin tsoro ne ga ƙaramin yaro, kuma yana da gaskiya, don ƙafarsa za ta iya zurmawa. A rage faɗin ramin, a yi masa murfi, a sa haske, a raka yaron har ya saba. Mai masan zama ya sa wa yaro ɗan matashin kujera da abin taka ƙafa. Kada a bar bokiti cike da ruwa a buɗe, domin ɗan ƙaramin yaro yana iya faɗawa da ka ya kasa fita. Sinadaran wanke ban ɗaki kuma a ɗaga su sama. A saba masa da sa silifa, saboda akwai tsutsar da ke shiga jiki ta fatar ƙafa.

Duka da gori ba sa koyar da komai a nan. Yaron da aka zane don ya ɓata wando zai koyi riƙe kashi, kashin ya bushe, fitarsa ta yi zafi, ya ƙara riƙewa, har mai ruwa-ruwa ya riƙa zubo masa a wando bai sani ba. Haka fitsarin kwance: kafin shekara biyar abu ne da aka saba gani, ba ganganci ba ne, kuma tara yara su yi masa waƙa a unguwa raunata zuciyarsa kawai yake yi. Amma idan yaro yana kukan zafi wajen fitsari, ko an ga jini, ko wanda ya daɗe da dainawa ya koma jiƙa shimfiɗa, a kai shi asibiti.

A cikin wannan koyo ne kuma yaro ke fara sanin ladubban addini na shiga da fita, da sanin cewa al'aurarsa tasa ce. A gaya masa ƙarara su wa aka yarda su taimaka masa da tsarki, kuma duk wanda ya taɓa shi ba bisa ƙa'ida ba ya zo ya faɗa, ba za a yi masa faɗa ba.

A shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Irin wannan nasara ba ginin masai kaɗai ke riƙe ta ba, sai yaran da suka taso sun saba da shigarsa. Saboda haka kafin a kai yaro nazare ko Islamiyya ko makarantar allo, iyaye su leƙa ban ɗakin da idonsu, su tambayi malamai: akwai ruwa da sabulu? Wa ke raka ƙanana? Ana barin yaro ya fita idan ya matsu? Idan amsar ba ta gamsar ba, a taru da sauran iyaye a gyara, domin abin da aka koya a gida ba zai ɗore ba idan makaranta ba ta da wurin aikata shi.