Yadda za ka gyara wa Baba kwamfuta kana wani gari, ba tare da biyan ko sisi ba

Shirin yau na ku ne da kuka zama injiniyoyin gidanku ba tare da kowa ya naɗa ku ba. Kana Abuja ko Legas, ko kina karatu a Alƙahira, sai a kira daga gida: "Abin nan ya ƙi buɗewa." Ka ce a danna can sama ta dama, a ce ba a ga komai ba. Minti arba'in, kati ya ƙare, rai ya ɓaci, fom ɗin fansho bai tafi ba.

Akwai manhajojin da za su kawo maka fuskar waccan kwamfutar kan taka, ka riƙa motsa linzaminta kamar kana zaune a gabanta. Amma kafin na lissafa su, ina so ku gane yadda suke shiga, don a nan amfaninsu yake, a nan kuma haɗarinsu yake.

Kusan kowace kwamfuta, da na'urar wayfay ta gida, tana da abin da ake kira fayawol, wato katangar tsaro. Ku ɗauke ta kamar maigadi mai doka ɗaya: na ciki zai iya fita, kuma a bari amsar saƙonsa ta shigo, amma baƙon da ba a kira ba, ba ya wuce ƙofa. Tsofaffin hanyoyi irin su RDP na Windows, mai amfani da ƙofa ta 3389, da VNC mai ƙofa ta 5900, baƙi ne da ke ƙwanƙwasawa daga waje. Sai an shiga saitin na'urar gidan an buɗe musu ƙofa. To wa zai yi wannan, Baban da ke neman inda zai danna? Ƙari a kan haka, mu da yawancinmu da datar waya ko MiFi muke hawa intanet, kamfanin layi kan haɗa mutane masu yawa a kan adireshin IP guda. Ko ka buɗe ƙofar, babu adireshin da ya zama naka kai kaɗai da za a zo a same ka. RDP ɗin ma, Windows Home ba ya karɓar baƙo ta wannan hanyar, sai Pro.

Dabarar sababbin manhajojin ita ce dillali. Kwamfutar Baba ta fita ta gaida wata babbar kwamfuta ta kamfanin, taka ma ta fita ta gaida ta. Duk ku biyun fita kuka yi, don haka maigadi bai ga laifin kowa ba. Sai dillalin ya haɗa ku. In hanya ta samu ku yi magana kai tsaye, in ba ta samu ba komai ya riƙa bi ta wurinsa, abin ya ɗan yi nauyi. Sau da yawa ta ƙofa ta 443 ake bi, wadda duk shafukan intanet masu tsaro suke bi, shi ya sa da wuya a rufe ta.

In duk ku biyun Windows 10 ko 11 kuke da shi, ni da Quick Assist nake farawa. Na Microsoft ne, kuma yawanci yana cikin kwamfutar tun asali. A danna Ctrl da maɓallin Windows da Q a tare, ya buɗe. Kai mai taimako ne kake buƙatar asusun Microsoft. Zai ba ka lamba, ka karanta wa Baba ya rubuta, ya amince. Lambar minti 10 take yi ta mutu. Abin da ya sa na fifita shi, ba sai ka tura dattijo neman manhaja a Google ba, inda na bogi suka cika.

Chrome Remote Desktop na Google shi ma kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux. A nan wanda ake taimaka wa ne yake fitar da lamba mai 12, ya ba ka cikin minti 5. Sai dai da shi ba za ka shiga wayar wani ba, kwamfuta kawai.

TeamViewer da AnyDesk kuwa, duk kamfanonin Jamus ne, na farkon tun 2005, na biyun 2014. Kyauta ne ga amfanin gida, amma in manhajar ta zargi kasuwanci kake yi da ita, sai ta fara katse ka. Ni dai wannan ya sha gundurata, alhali ƙanwar mahaifiyata kawai nake taimaka wa. Amfaninsu shi ne suna shiga wayar Android, wadda ita ce kwamfutar yawancin iyayenmu, ko da yake wasu wayoyin sai an ƙara wata ƙaramar manhaja kafin ka iya dannawa. A iPhone kallo kawai za su ba ka. Mai tsohon AnyDesk ya sabunta shi, don a Fabrairun 2024 kamfanin ya sanar an yi masa kutse, ya nemi kowa ya koma sabon. Akwai kuma RustDesk, wanda lambobin gininsa a buɗe suke, har za ka iya kafa naka dillalin in kana da ƙwarewa.

Wani lokacin ma ba ka buƙatar duk wannan. Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar nuna fuskar waya a kiran bidiyo. Kana gani, Mama na dannawa, kuma gobe ta iya da kanta.

Yanzu ku dawo kan maigadin nan. Tunda daga ciki aka fita, ba zai tare kowa ba. Bai san ɗa ba, bai san ɓarawo ba. Ɗan damfara zai kira ya ce daga banki ne, BVN ya samu matsala, a sauke AnyDesk a karanto masa lamba. Daga nan yana kallon saƙon OTP yana shigowa, yana kallon lambar sirri ana rubutawa. Kuma ku lura, mu ne muka saba wa iyayen da karanta lamba a waya. Don haka ranar da ka saka wa Hajiya manhajar, ranar za ka ce mata: "Hajiya, wannan lambar ni kaɗai za ki ba, kuma sai in ke kika kira ni da kanki. Banki ba ya neman ta." In mai yawan amsa kiran baƙi ce, a goge manhajar bayan an gama, sake saukewa ba wuya.

Akwai saitin da zai ba ka damar shiga ko babu kowa a gaban kwamfutar. Yana da daɗi, amma ni ba na kunna shi sai da sanin mai kayan, da kalmar sirri mai tsawo. Saka wa mata ko ƙanwa irin wannan a ɓoye don a riƙa leƙen wayarta kuwa, wannan ba taimako ba ne, leƙen asiri ne. Haka kwamfutar ofis: in fayawol ɗin wurin aikin Yaya ya toshe waɗannan manhajoji, da gangan aka toshe, kar ka nemo masa hanyar zagayawa ka ja masa takardar tuhuma.

Ga masu ƙorafin data, ku shiga saiti ku rage kyawun hoto, ku kashe hoton bango da sauti, kuma a rufe kiran bidiyo a koma na murya yayin aikin. A tabbatar akwai caji a can gida kafin a fara, kar a ɗauke wuta kana tsakiyar sabunta Windows.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.