Yadda Tanis Ya Tara Kuɗin Agaji Lokacin Gobarar Ostireliya

Daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, gobarar daji ta yi ta cin Ostireliya, ta ƙone dubban gidaje, ta kashe sama da mutum 30. Ana cikin wannan hali lokacin babbar gasar tanis ta Australian Open ya ƙarato.

Ɗan wasan ƙasar, Nick Kyrgios, shi ya fara yin alkawari: duk bugun buɗe wasa da ya yi wanda abokin karawarsa ya kasa taɓawa, zai bayar da dalar Ostireliya 200. Dabarar ta burge ƙwarai, domin kowane irin wannan maki ya zama sadakar da ƴan kallo ke ƙirgawa da idonsu. Wasu suka bi sahu. Serena Williams ta bayar da duk kuɗin da ta ci a gasar Auckland.

Ranar 15 ga Janairu aka yi wasan agaji a filin Rod Laver da ke Melbourne, inda Roger Federer da Rafael Nadal suka haɗa dala 250,000. Abin da aka tara ya kusa dala miliyan 5.

Abin takaici, a wancan makon hayaƙi ya turnuƙe birnin, har tari ya tilasta wa ƴar wasa Dalila Jakupović janyewa daga wasan share fagen Australian Open.