Wayar da Ke Yi wa Makaho Karatu

A Garwa da ƙauyukan bakin Binuwai, yanar ido da hawan jinin ido da amosani suna raba mutane da ganinsu. Yanar ido ana cire ta da aiki, mutum ya sāke gani. Amma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Don haka matakin farko shi ne a je asibiti a duba idon. In likita ya ce gani ba zai dawo ba, karatu bai ƙare ba.

A shekarar 2006 wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya soma wata manhaja mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Tana karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya: wasiƙa, littafi, har harafin da aka danna. Kyauta ce, tana aiki a kwamfuta mai Windows. In wani ya nemi kuɗin sayenta, kada ku biya.

Wanda ba shi da kwamfuta, waya ta isa. Yawancin wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver. A wayar Android da ke Faransanci, a shiga Paramètres, sannan Accessibilité, a kunna. Taɓa wuri sau ɗaya, wayar ta faɗi sunansa. Taɓa sau biyu da sauri, ta buɗe shi. Muryar ta fi gwaninta a Faransanci da Turanci. Hausa da Fulatanci sukan fito da harshen baƙo, sai kunne ya saba.

Amfaninta ga lafiya babba ne. Ma'aikacin jinya zai iya tura wa majinyaci sunan magani da lokacin sha ta saƙon waya, ya saurara da kansa duk sa'ad da ya manta. Yana iya jin saƙon kuɗin da aka aiko masa ba tare da miƙa wa kowa wayarsa ba. In ana maganar kuɗi ko ciwo, a sa abin sauraro a kunne don sirri.

'Yan'uwa, kwanakin farko sukan yi wuya. Matasan ikkilisiya da suka iya waya su zauna da makafinmu bayan sujada, su koya musu da haƙuri. A bar wayar a hannun mai koyo, shi zai taɓa.