Laka Mai Ciyarwa: Darasin Madatsar Kadif Ga Masu Zuba Jari

A idon ɗan kasuwa, lakar bakin teku fili ne da ke zaman banza. Sai dai abin da ya faru a birnin Kadif na yankin Wels a Birtaniya ya nuna cewa lakar na da aikin da ba ya shiga littafin lissafi sai ranar da aka rasa ta.

A cikin irin wannan laka, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, akwai wata 'yar halitta dangin jatan lande da masana ke kira Korofiyum. Tsawonta bai wuce santimita 1 ba. Takan haƙa rami mai baki biyu, tana cin ruɓaɓɓen tsiro da gansakukar da ke saman lakar. Inda wurin ya karɓe ta, akan sami dubbanta a murabba'in mita guda. Idan teku ya cika, ƙananan kifaye su ci. Idan ya janye, tsuntsaye su sauka su tsinta.

A shekarar 1993 majalisar dokokin Birtaniya ta amince a gina madatsa mai tsawon kilomita 1.1 a bakin kogunan Taf da Ili, domin farfaɗo da tsohuwar tashar jiragen ruwan kwal. A watan Nuwamba na 1999 aka datse ruwan, lakar kimanin hekta 200 ta koma tafki. Gidaje da ofisoshi da otal-otal suka tashi a gaɓarsa, kuma babu mai musun wannan riba.

Amma an yi hasara ta wani gefen. Wani tsuntsun bakin ruwa mai jan ƙafa, wanda Korofiyum ke cikin manyan abincinsa, ya rasa wurin kiwonsa na hunturu. Masu bincike da suka bi tsuntsayen da suka ƙaura zuwa lakar da ke kusa sun tarar sun rame, kuma yawan manyan da ke kaiwa baɗi ya sauko daga kashi 85 cikin 100 zuwa kashi 78, domin sun iske wurin da masu shi.

Bugu da ƙari, sai da gwamnati ta kashe kuɗi ta kafa fadamun Niyufot, masu faɗin fiye da hekta 400, a shekarar 2000 a matsayin diyya.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya, inda ake cike gaɓar ruwa da yashi a Legas domin gine-gine, kuma masunta suka dogara da kifin da ke girma a lakar Neja Delta. Duk mai shirin sayen fili a bakin teku ya kamata ya tambayi abin da lakar ke ciyarwa, da wanda zai biya idan ta tafi, tun kafin a sa hannu a kwangila.